A Rubuta Sunan Mai Mangwaro

Talata. Aikin farko: hawa tsani a goge gilashin na'ura kafin rana ta yi zafi. An yi. Kurciyar nan ta sake ɓata shi.

Zuwa ga Malam Farfesa,
Shugaban ayarin binciken sadarwa ta haske da ya yi aiki a Gafasa, ƙaramar hukumar Ajingi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da ɗalibai, musamman Injiniya Rabi wadda ta fi kowa a cikinku shan ranar garinmu. Mu nan sai godiya. Ruwa ya zauna, gero ya kai gwiwa, muna cikin maimai.

Ni ne Sabi'u, mai kula da ɗakin kwamfuta na makarantar al'umma ta nan garin, wanda kuka bar wa amanar na'urarku. Da gangan ban ambaci sunanka ko na jami'arku ba. A gidan da na tashi an koya mini cewa a wurin yabo ake faɗin sunan mutum, a wurin ƙorafi kuwa a sakaya. Yawancin takardar nan yabo ce, amma akwai ƙorafi guda a cikinta, shi ya sa na sakaya.

Na daɗe ina jujjuya ta. Na rubuta na yage, na sake rubutawa na ajiye a ƙarƙashin tabarma. Karatuna a sakandare ya tsaya, a Gaya, kuma na san jami'a tana da ƙa'idojin da ban sani ba. In na yi kuskure a gyara mini. Zan bi maganar daki-daki, don haka na saba. Ko cefane ba na iya yi sai na jera.

Na ɗaya: abin da kuka kawo mana.

Saboda masu karatu da ba su san zancen ba: asibitin garinmu yana da intanet, makarantarmu da ke ɗaya gefen garin ba ta da shi. Jan waya a tsakani sai an haƙe lunguna da gonakin mutane. Ku kuka zo da akwatuna biyu, kowanne bai fi tukunyar miya girma ba, kowanne da idon gilashi. Kuka ɗora ɗaya a kan tankin ruwan asibiti, ɗaya a kan ƙarfe a saman ɗakinmu, suna kallon juna. Haske ne ke fita daga idon wannan ya faɗa idon wancan, yana ƙiftawa da saurin da hankali ba ya kamawa, kuma a cikin ƙiftawar nan saƙo yake tafiya. Haka Injiniya Rabi ta fahimtar da ni. Ta ce in tuna yadda muke haska wa juna fasasshen madubi daga gona zuwa gona muna yara.

Ranar da aka kunna, rabin gari ya fito yana kallon sama. Ba a ga komai ba, don hasken ba na idon mutum ba ne. Ɗanjummai mai shayi ya ɗaga murya ya ce, "Injiniya, ko dai an manta ba a sa batir ba?" Ta yi dariya, ta hau tsani, ta ɗauki hoton idon na'urar da wayarta, ta sauko ta nuna mana wani ɗan ɗigo ja-ja. Aka yi ta layi ana leƙawa kamar an kawo jariri.

Bana ɗalibanmu a nan suka yi rajistar jarrabawa. Babu wanda ya hau babur zuwa Gaya ya yini a bakin shago, da yamma a ce masa sabis ya ɗauke, ya dawo gobe. Wata tsohuwar unguwarmu ta ga jikanta da aka haifa a Fatakwal a fuskar kwamfuta, kuma kafin ta ce barka sai da ta yi wa surukarta faɗa a kan barin yaro ba hula. Ina rubuta irin waɗannan a littafina na kullum, in raina ya ɓaci in buɗe in karanta. Allah ya saka muku da alheri. Da zuciya ɗaya nake faɗa.

Na biyu: mangwaro.

Ka tuna, da aka zo daidaita idanun biyu, sai aka tarar da kan wani mangwaro ya tsaya a tsakani. Hasken nan ba ya shan kwana, ba ya ratse. Ganye ɗaya ya isa ya tare shi. Aka gwada ƙara tsawon ƙarfe, iska ta riƙa kaɗa shi. Aka gwada wani gefen rufi, soron wani ya shiga tsakani. Dole sai an sare manyan rassa biyu na sama.

Mangwaron na gidan Baffa Malam Hudu ne, yayan mahaifina, wanda ke karantar da littattafai a zaurensa tun kafin a haife ni. Matarsa ce ta dasa shi. Tana amarya ta zo da ƙwallonsa daga gidansu a Kademi, ta binne a bayan ɗakinta, ta raine shi da ruwan wanke-wanke. Ita ce ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyata. Inna muke ce mata. Allah ya yi mata rasuwa shekarun baya, kuma tun daga lokacin Baffa ba ya barin a karya ko tsinke a jikin bishiyar.

Ni na kai ku zauren, ina gaba kuna baya. Ka yi bayani, Baffa ya saurara har ƙarshe. Bai nemi ko sisi ba, ka kuma yi tayi ya ɗaga hannu. Ya tambaya ko za ku rubuta labarin aikin nan. Ka ce ƙwarai, za a buga muƙala a mujallar masana. Sai ya ce, "To ku sare. Amma in kun zo rubutawa, ku sa sunan wadda ta dasa. Ni ba na buƙata."

Ka fito da alƙalami ka ce, "Allah ya gafarta Malam, mene ne sunanta?"

Malam Farfesa, wataƙila ba ka lura da shirun da zauren ya yi ba. Dattawa irin su Baffa ba sa kiran sunan matar fari. Tana raye "mai ɗakina" yake cewa, bayan ta rasu ya koma "mai mangwaro". Ya dubi buzunsa, ya share wani abu da babu shi a kai, sannan ya faɗa, a hankali, sau ɗaya. Ni da ta goya, ranar na fara jin sunan nan daga bakinsa. Ka rubuta, ka ce, "In sha Allahu za mu sa." Washegari ni na hau da gatari. Baffa ya tafi masallaci ya zauna har na gama, don kada ya ji sara.

Na uku: dalilin da ya sa suna ya dame shi.

Kada a ɗauka son a sani ne. Baffa yana da wata ɗabi'a da duk wanda ya yi karatu a gabansa ya sani: ba ya fara littafi daga farko. Ƙarshe yake fara buɗewa. Tsofaffin littattafan gidanmu na rubutun hannu ne, kuma a shafin ƙarshe mai kwafi yakan rubuta sunansa, da na malaminsa, wani lokaci har da na wanda ya ara masa littafin da ya kwafa daga ciki, ya roƙi mai karatu ya sa su a addu'a. Baffa sai ya karanta sunayen nan ya yi musu addu'a tukuna, sannan ya juyo farko. Yakan ce wanda ya sha ruwa bai tambayi wanda ya haƙa rijiya ba, ya sha, amma bai gode ba.

Saboda haka a wurinsa rubuta suna hanya ce da addu'a ke bi ta isa ga mai ita. Abin da ya roƙa wa Inna ke nan. Ya ba da rassanta haske ya wuce, yana fatan wani abu ya biyo hanyar ya dawo mata.

Na huɗu: ranar da muƙala ta iso.

Bayan ƙaramar sallah Injiniya Rabi ta turo ta, ta cikin hasken nan kuwa ta iso. Na buɗe, sai ga sunana a jerin marubuta, na ƙarshe. Na tashi na zagaya ɗakin na dawo, yana nan. Na kira ta na ce ko kuskure ne, ni da ban rubuta ko layi ɗaya ba. Ta ce, "Malam Sabi'u, awon ƙarfin haske da yanayin gari da kake ɗauka safe da yamma, a kansa rabin muƙalar ta tsaya. Haƙƙinka ne." Ban san lokacin da na yi sujada a kan simintin ba. Mai ɗakina ta soya mana waina har da maƙwabta. Ɗanjummai ya raɗa mini suna Dakta Mai Tsumma, saboda tsumman da nake goge gilashi da shi, kuma har yau in na zauna a bencinsa sai ya ce a matsa wa Dakta. Ina nuna kamar ba na so.

Ranar Juma'a bayan la'asar na buga ta a takarda na kai zaure. Dattawa sun cika. Baffa ya ce, kamar yadda na zata, "Fara daga ƙarshe."

A ƙarshen akwai dogon jerin waɗanda kuka ɗauko ilimi daga ayyukansu. Na yi masa bayani cewa haka ƙa'idarku take: duk maganar da ba taku ba sai kun faɗi mai ita, da inda ya faɗe ta. Fuskarsa ta washe. Ya ce, "Ashe 'yan boko ma suna da isnadi! Wane daga wane. Karanto su." Na shiga karanto sunayen mutanen Sin da Turkiyya da Indiya da Ingila, harshena yana tuntuɓe, dattawa suna dariya har da riƙe ciki. Kowane suna na faɗa Baffa ya ce, "Allah ya saka masa." Bai tsallake ko ɗaya ba. Da wani ya ce ai ba a san ko su waye ba, sai ya ce, "Wanda ake roƙo ya san su."

Sannan na zo wurin godiya. Layi biyu ne. Kun gode wa waɗanda suka ɗauki nauyin aikin, kun gode wa "mutanen gari" saboda haɗin kai. Na fassara masa. Ya jira. Ya ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan, Baffa. Ya ce in duba bayan takardar. Na juya, fari fat. Ya yi murmushi ya ce, "Wataƙila takarda ce ta ƙare musu." Ya sa aka kawo goro aka raba, aka yi addu'a aka tashi.

Ban yarda da Turancina ba, sai na kai wa malamin Turanci na makarantarmu ya bi ta layi-layi. Babu sunan. Amma ya nuna mini wani abu a tsakiya: mangwaron yana ciki. Da hotonsa, da tsawonsa kafin sara da bayan sara, da bayanin yadda ƙarfin haske ya ƙaru da aka rage masa kai. Bishiya ta shiga muƙala, mai ita ce ba ta shiga ba. Ƙorafina ke nan, babu wani.

Na biyar: abin da aka ce mini, da abin da nake gani.

Na tambayi Injiniya Rabi, ba ta ɓoye mini ba. Ta ce jami'a tana da doka: ba a buga sunan mutumin gari a bincike sai da izininsa a rubuce, don kare mutuncin mutane. Ta ce sun tuna da alkawarin ana gab da aikawa, babu takardar izini a hannu, mai sunan kuma ba ta raye balle ta sa hannu, sai aka bar shi. Ta ce abin ya tsaya mata a rai, amma hukuncin ba nata ba ne.

Na yi kwanaki ina auna maganar, kuma ban ga laifin dokar ba. Akwai mutane da yawa a garin nan da ba za su so a buga sunansu ba, kuma daidai ne a tambaye su. Sai dai ku kuna ɓoye suna don girmamawa, Baffa kuma yana bayyana shi don girmamawa, aka yi saɓani a hanya kowa da kyakkyawar niyya. Dokar da aka kafa don kada a yi wa mutum abin da bai so ba, a nan ta hana shi abin da ya roƙa da bakinsa, a gaban shaidu, bayan ya karya kunyar da ya riƙe tun yana saurayi. Mijin Inna yana raye, 'ya'yanta suna raye. Baffa yana sa hannu da ajami mai kyau, wanda ya fi bokona.

Injiniya ta kuma ba ni albishir cewa masana a wasu ƙasashe sun fara ambaton muƙalarmu a nasu rubutun. Na ji daɗi har na kasa cin abinci. Daga baya na tuna abin da Baffa ke faɗa wa masu kwafi: in ka tsallake kalma, duk wanda ya kwafa daga naka zai tsallake ta, har a manta an taɓa yin ta. Yanzu sarƙa ta fara tafiya, kowa yana kama na gabansa, zobe ɗaya kuwa ya faɗi a nan Gafasa.

Kada ka ɗauka ciniki nake nema. Da damina ta sauka mangwaron ya sake toho, sabbin rassa suka miƙe, in iska ta taso da yamma saƙo yana yankewa. Na kasa faɗa wa Baffa. Da wane baki? Shi da kansa ya kira ni shekaranjiya ya ce, "Na ji ana tsaki a ɗakinku. Mai mangwaro ta sake miƙa hannu ko? Je ka aro gatari. Ba saye da sayarwa muka yi da su ba." Saboda haka ko kun amsa ko ba ku amsa ba, haske zai wuce. Abin da ke damuna shi ne shekarun Baffa sun ja, idonsa ya fara gajiya, yanzu sai ya kai littafi bakin hanci. Ina so in karanta masa layin nan yana zaune a kan buzunsa yana ji.

Ga abin da nake roƙo:

Ɗaya, Injiniya Rabi tana rubuta muƙala ta biyu a kan yadda ruwan sama ke taɓa hasken. A sa sunan a wurin godiya.

Biyu, in mujallar tana karɓar gyara ga ta farko, a gyara. Duk takardar da Baffa zai sa wa hannu a turo. Ni zan kai ta tashar Gaya in ba direba da hannuna.

Uku, in sunaye suna da iyaka, a cire nawa a sa nata. Na rubuta wannan layin ina fatan ba za a kai ga haka ba, don ina son sunana a wurin, ƙarya ba ta da amfani. Amma in dole ne, a cire. Ɗanjummai ba zai fasa ce mini Dakta ba.

Huɗu, duk garin da za ku je nan gaba, ku tambayi mutane tun a zaure: a ɓoye ko a rubuta? Ku zo da takardar izinin a aljihu.

Saura dalilin da ya sa na yi wasiƙar a buɗe, ban naɗe ta a ambulan ba. Injiniya ta taɓa gaya mini cewa duk abin da aka buga mutane suka karanta, ya zama abin da wani zai iya kafa hujja da shi. Sai na ga ashe ni ma ina da takarda, kuma tawa ba ta ƙare ba. Jiya na je na durƙusa na nemi izinin Baffa in rubuta sunan a cikinta. Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "Rubuta da kyau. Kada ka yi irin rubutunka na sauri."

Ban taɓa kiran sunan nan ba, ban taɓa rubuta shi ba. Uwa ce. Amma ga shi:

Zainabu, 'yar Malam Habu na Kademi. Ita ta dasa mangwaron.

Duk wanda idonsa ya kai wannan layin, ina roƙon ya ce Allah ya jiƙanta. Wasiƙar nan ta cikin hasken za ta fita, ta bi ta saman bishiyarta. Na tuna haka ɗazu ina kan tsani, na yi dariya ni kaɗai har kurciyar ta tashi.

Malam Farfesa, Allah ya ƙara maka ilimi mai amfani, ya raya zuriyarka, ya sa ɗalibanka su riƙa ambatonka da alheri a inda ba ka nan. Allah ya ba Injiniya Rabi sa'ar karatunta. In kun sake zuwa ku zo da bazara. Rassan ƙasa suna nan, kuma suna zuba.

Naka mai riƙon amanar na'ura,
Sabi'u, Gafasa.

Wassalam.

Na gobe, Laraba, in Allah ya kai mu:
- Goge gilashi. Neman dabarar kurciya.
- Aro gatari, a wasa shi. Rassa biyu kawai, na sama.
- Ƙarasa maimai a gonar gabas.
- Awon safe da na yamma. Injiniya tana jira.
- Karanta wa Baffa wasiƙar nan. Ya ce in fara daga ƙarshe.